Taransfomar da na gani a ƙarƙashin gado: tarihin masu ƙera walƙiya a ɗaki

Jama'a, rubutun nan yana da tsawo. Wanda yake cikin lacca ya adana shi sai an tashi.

Makon jiya na shiga ɗakin wani ƙanenmu ɗan aji biyu zan ari caja, sai na yi tuntuɓe da wani abu mai nauyi a bakin gado, saura kaɗan farcena ya fita. Na duƙa na duba, sai ga taransfoma, irin wadda ake cirowa daga cikin injin ɗumama abinci na maikirowef. Na ce, "Kai, wannan fa ta mece ce?" Ya ce, "Yaya, kwayil ɗin Tesla zan haɗa. Na ga wani yaro a bidiyo ya yi a garejin gidansu, tartsatsin ya kai tsawon hannu." Wurin 'yan bola jari ya sayo ta. Ɗakin kuwa kun san irinsa: mutum shida a inda aka yi wa huɗu, ƙasa siminti, bokitin ruwa a bayan ƙofa, wayoyin wuta an yi musu jone-jone kamar taliyar da ta kwana.

Ban yi masa faɗa ba, don na san ƙaiƙayin da hannunsa ke yi. Da yawa daga cikinmu masu karatun injiniya ko fiziks da haka muka faro: ka farke tsohuwar rediyon Baba, ka ciro ɗan injin da ke juya kaset, ka liƙa masa kwali ka ce ka yi fanka, da yamma ka sha bulala. Sai na ce masa ya ba ni kwana biyu, zan rubuta labarin waɗanda suka riga shi bin wannan hanya. Babban ɓangare na tarihin lantarki mai ƙarfi a ɗaki aka yi shi, a hannun lauya da mai ɗab'i da yaron shagon littattafai da ɗalibin da bai gama digiri ba. Ke nan ƙanen namu yana da gado a wurinsu. Sai dai ya kamata ya san abin da ya sami kowannensu, domin bidiyo ba ya nuna wannan ɓangaren.

Bari mu fara daga gida. Duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Sakkwato ya san daren hunturu, ka ja bargo cikin duhu ka ga 'yan tartsatsi suna ƙyas-ƙyas, ko ka taɓa ƙofar mota ta ɗan tsikare ka. Tun da na zo Kudu da wuya na sake ganin haka, saboda iskar nan cike take da laima, cajin ba ya taruwa, zurarewa yake yi. Shi ya sa injin tara caji da ke ɗakin gwajinmu yake gardama duk damina. To, busasshiyar iska tana buƙatar kimanin bolt 3,000 kafin tartsatsi ya tsallake tazarar milimita ɗaya. Ashe wannan ɗan tsikarin na bargo dubban bolt ne, ya ninka wutar soket ɗinmu mai bolt 230 sau goma ko fiye. Amma bargo bai kashe kowa ba, soket kuwa ya yi gawa da yawa. Ku ɗauki bolt kamar tsayin wurin da ruwa ya zubo, amfiya kuma yawan ruwan da ke kwarara. Ɗigo ɗaya daga saman bene ba ya komai. Durom guda daga wannan benen, wani labari ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A farkon ƙarni na 18, abin da Turawa masu sha'awar lantarki suka iya bai wuce na bargon nan da yawa ba. Suna juya ƙwallon gilashi suna goga shi da tafin hannu, caji ya taru, su ja gashin tsuntsu da guntun takarda, kamar yadda muke goga biro a ka muna firamare. Damuwarsu ita ce ba su da wurin ajiye cajin.

A watan Oktoba na 1745, wani babban ma'aikacin coci a yankin Pomerania mai suna Ewald von Kleist, wanda lantarki sha'awa ce kawai a wurinsa, ya zura ƙusa cikin kwalbar magani, ya riƙe kwalbar a hannu, ya jona ƙusar da injinsa. Da ya taɓa ƙusar da ɗaya hannun, wuta ta ja shi irin jan da bai taɓa ji ba. Ya rubuta wa masana, suka gwada, da farko abin ya ƙi yi musu, domin bai fayyace musu cewa dole kwalbar ta zauna a tafin hannu ba. Shi kansa bai gane cewa hannunsa wani sashe ne na na'urar ba. 'Yan watanni bayan haka, a garin Leiden na ƙasar Holan, wani lauya, Andreas Cunaeus, wanda ke zuwa kallon gwaje-gwajen farfesa Pieter van Musschenbroek, ya koma gida ya gwada shi kaɗai da kwalbar ruwa a hannu. Wutar ta yi masa dukan da sai da ya yi kwana biyu yana jin jiki. Farfesan ya maimaita, shi ma ya sha nasa. A Janairun 1746 ya rubuta wa wani masani a Paris cewa ko za a ba shi masarautar Faransa ba zai yarda ya sake ba.

Wannan kwalbar ta Leiden ita ce kakar kafasita, abin da masu gyaran fanka ke kira kwandensa: abu biyu masu ɗaukar wuta, da wani abu a tsakaninsu da wuta ba ta ratsawa. Sabon abin da ta zo da shi shi ne, ka tsayar da inji, ka tafi ka dawo, wutar tana nan kwance tana jiran hannu. Nan da nan ta zama abin wasa a Turai. Wani malami Bafaranshe, Jean-Antoine Nollet, ya jera dogaran sarki 180 suka riƙe hannun juna a gaban Sarki Louis na 15, ya sakar musu kwalba, suka yi tsalle lokaci guda, fada ta ɗauki dariya. Da a yau ne da bidiyon ya zagaye duniya kafin magariba.

Sai Benjamin Franklin a Filadelfiya. Mutumin nan shekara biyu kawai ya yi a makaranta, sana'arsa ɗab'i. A 1748, yana da shekara 42, ya bar harkar shago a hannun abokin kasuwancinsa ya dulmiya cikin lantarki. Shi ya kawo batun caji mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa da muke gani a kan kowane batir, kuma kalmar batir ɗin kanta shi ya fara amfani da ita a wannan fage, yana nufin jerin kafasitocin gilashi da aka haɗa wuri guda. Kowa ya san shi da labarin jirgin zare. Ni labarin talo-talo na fi so ƙanena ya ji.

Kwana biyu kafin Kirsimeti na 1750, Franklin ya cika manyan kwalabe biyu da caji zai kashe talo-talo da su, don yana ganin naman ya fi laushi idan wuta ce ta kashe. Akwai baƙi a ɗakin ana ta hira. Yana riƙe da sarƙar da ta haɗa bayan kwalaben a hannu ɗaya, sai ya kai ɗaya hannun kan wayar sama. Waɗanda ke wurin sun ce sun ga haske, sun ji ƙara kamar ta bindiga. Shi bai ji ba bai gani ba, hankalinsa ya gushe na ɗan lokaci. Hannunsa ya kumbura, ya kwana da kasala a hannuwa da wuya, ƙirjinsa ya yi kwanaki yana ciwo. Duk wannan mun san shi ne domin ya zauna ya rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa, ya ce yana jin kunyar wautar da ya yi, kuma yana zaton surutun mutanen ɗakin ne ya ɗauke masa hankali. Ku lura, a lokacin da wuya a sami mutum biyar a duniya da suka fi shi sanin wannan kwalba. Hira ce kawai ta kusa kai shi. Yanzu ku kwatanta da ɗakin mutum shida, uku na riƙe da waya suna ɗauka, ɗaya na cewa "matso da shi kaɗan ya fito a kyamara".

Shi jirgin zaren, irin na ledar nan da muke tashi da shi muna yara, a 1752 ne. Kafin shi ma, a ranar 10 ga Mayu na shekarar, Faransawa sun gwada shawarar Franklin a ƙauyen Marly da doguwar sandar ƙarfe, suka ciro tartsatsi lokacin hadari, aka tabbatar walƙiya lantarki ce. Kuma aradu ba ta faɗa kan jirgin Franklin ba, cajin da ke cikin iskar hadarin ne ya bi jiƙaƙƙen zare ya sauko. Da ta faɗa da babu mai ba da labari. A bayanin da ya buga ya ce mutum ya tsaya a ƙarƙashin rufi, ya riƙe ta wurin ƙyallen siliki, kada ya bari ƙyallen ya jiƙe.

Wanda ta faɗa wa shi ne Georg Wilhelm Richmann, farfesa a birnin St Petersburg na Rasha. Ya kafa sandar ƙarfe a rufin gidansa, ya jawo waya har cikin ɗaki zuwa wani ma'auni da ya ƙera da kansa, don yana so ya auna ƙarfin cajin hadari da lamba. Niyya mai kyau ce, masani ne na gaske. Amma babu wayar da ta haɗa na'urar da ƙasa. A watan Agusta na 1753 yana wurin taron masana ya ji tsawa, ya garzaya gida tare da wani mai zane, Sokolov, wanda zai zana abin da za a gani. Richmann ya sunkuya zai karanta ma'aunin. Sokolov ya ce ya ga dunƙulen wuta mai shuɗi ya taso daga sandar ya doki goshinsa. Nan take ya mutu, takalminsa ɗaya ya fashe. Shekararsa 42. Wutar ta zo tana neman hanyar shiga ƙasa, ba ta sami waya ba, ta sami mutum.

A 1800 Alessandro Volta na Italiya, wanda daga sunansa aka samo kalmar bolt, ya jera faifan ƙarfe iri biyu da kwali jiƙe da ruwan gishiri a tsakani, ya sami wuta mai gudana ba tsayawa. Daga nan aka shiga wani zamani, kuma gwarzona a cikinsa Michael Faraday ne. Ɗan maƙeri ne a Landan, karatunsa bai yi nisa ba, yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai. Littafin da aka kawo ɗinki sai ya karanta shi tukuna. Daga nan ya haɗa injin tara caji da tsofaffin kwalabe da katako. A 1812 ya yi nasa batirin da kwabban jan ƙarfe guda bakwai, faifan zinki bakwai da takarda jiƙe da ruwan gishiri. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai in ji kunyar ƙorafin da muke yi cewa ba kayan aiki. A shekarar ce ya halarci laccocin Humphry Davy, ya rubuta su tsaf, ya ɗinke su littafi ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi yaron ɗakin gwaji.

Ranar 29 ga Agusta 1831 Faraday ya naɗa waya biyu daban-daban a kan zoben ƙarfe. Babu waya mai rigar roba a lokacin, da zare da ƙyallen auduga ya raba naɗin. Ya jona ɗaya da batir, ɗayar da ma'auni. Allurar ma'aunin ta motsa a daidai lokacin jonawa, ta koma ta kwanta, ta sake motsawa lokacin cirewa. Wani da sai ya ce ai ba komai. Shi ya gane cewa canjin maganaɗisu ne ke haifar da wuta a waya ta biyu. Wannan zoben shi ne taransfoma ta farko, kakar wadda ke bakin layinku a gida da ake tara mata kuɗi duk shekara, kuma kakar wadda na yi tuntuɓe da ita. Faraday yana rubuta duk abin da ya gwada, wanda ya yi da wanda ya ƙi, yana sa wa kowane sakin layi lamba. Lambobin sun haura 16,000.

A 1836 wani limamin coci ɗan Ireland, Nicholas Callan, malami a kwalejin Maynooth, ya gano cewa idan naɗin farko kaɗan ne na waya mai kauri, na biyu kuma dubbai na siririya, sannan ana katse wutar da sauri, ƙaramin batir zai ba da tartsatsi mai ban tsoro. Kwayil ɗin da ke tayar da filogin mota da babur jikan wannan ne. Ba shi da ma'aunin da zai ɗauki irin wannan ƙarfi, to ku ce da me yake aunawa? Da ɗalibansa. Sai da wani ya suma aka ce ya koma kan kaji. Duk wanda ke kukan malamin furojek ɗinsa ya matsa masa, ya gode.

Yanzu ga mai sunan. Nikola Tesla ba ɗan koyo ba ne, ya yi karatun injiniya a Graz, ya yi aiki a kamfanin Edison bayan ya isa Amurka a 1884. A 1891 ya fito da kwayil ɗinsa. Dabarar ita ce, taransfoma ta cika kafasita, kafasitar ta fashe ta wani ɗan giɓi da tartsatsi, wutar ta riƙa kai-komo da sauri ƙwarai a naɗin farko, naɗi na biyu kuma an daidaita shi ya amsa wannan kiɗan, kamar mai tura lilo a daidai lokacin da ya dace, har ƙarfin ya hau dubban ɗaruruwan bolt. A 1899 ya tafi Colorado Springs ya gina ƙato, ya yi wata takwas yana gwaji yana cika littafi da lissafi.

A can aka ɗauki hoton nan da kowa ya sani, wanda wasunku suka sa a fuskar wayarsu: Tesla zaune a kujera yana karatu, walƙiya mai tsawon mitoci na yawo a kansa. To hoton haɗi ne. An ɗauki walƙiyar ita kaɗai a ɗaki mai duhu ba kowa a kujerar, aka kashe inji, sannan ya zauna aka sake ɗauka a kan faifai guda. Shi da kansa ya rubuta haka a littafinsa. Mutumin da ya ƙirƙiro abin bai zauna kusa da shi yana aiki ba. Shekara fiye da 120 ke nan hoton yana ruɗin yara. Wani abin kuma, tartsatsin saman kwayil da ke burge mutane ba shi ne mafi muni ba, ko da yake yana ƙona nama ba tare da ka ji zafin sosai ba. Mai kisan yana ƙasa, a wurin taransfoma da kafasita, inda ba a haska kyamara.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne inda tartsatsin ya kai yaran da suka ɗauke shi da muhimmanci. Guglielmo Marconi yana da shekara 20 a 1894 ya shige ɗakin saman gidansu kusa da Bologna da kwayil mai tartsatsi. Ba shi da digiri. Abin da ya ba shi nisa shi ne ya ɗaga eriya sama, ɗaya gefen kuma ya binne shi a ƙasa, ƙasar nan dai da Richmann ya bari. A 1895 saƙonsa ya tsallake tudu, aka harba bindiga daga can don a sanar da shi ya iso. A Disambar 1901 ya ce ya ji saƙo daga Ingila a Newfoundland, a 1909 ya karɓi kyautar Nobel.

Bayansa sai dubban samari a Amurka suka cika ɗakunan sama da rediyon da suka haɗa da hannu. Suna naɗa waya a gwangwanin kwali na hatsin karin kumallo, suna ciro kwayil daga mota, suna sayen sauran kaya ta gidan waya wurin Hugo Gernsback, wanda ya fara mujallar Modern Electrics a 1908. Tartsatsi kuwa ba shi da ladabi, idan ɗaya ya kunna kowa a unguwar sai ya ji. Sojan ruwa suka yi ta ƙorafi. Bayan nutsewar Titanic a Afrilun 1912, aka yi doka a shekarar: dole lasisi, kuma aka kora 'yan sha'awa zuwa zangon mita 200 zuwa ƙasa, wurin da manya ke ganin juji ne ba ya kai saƙo ko'ina. Yaran suka shiga jujin suna gwadawa suna rubutawa. A Nuwambar 1923 wani Bafaranshe a Nice, Léon Deloy, ya yi musayar saƙo da 'yan'uwansa 'yan sha'awa a Amurka a kan kimanin mita 100, da ƙarfin da bai kai ko kusa da na manyan tashoshi ba. Wannan jujin shi ne gajeren zango. Da shi kakanninmu da iyayenmu suka riƙa kama Landan tun da BBC ta fara Hausa a 1957, ana murɗa rediyo a mita 16 da 19 da 25 a ƙofar gida. Duk dattijon da ya taɓa kara rediyo a kunne da asuba ya ci albarkacin waɗancan yaran.

Cikinsu akwai wanda ya fi kama da mu, Edwin Armstrong, ɗalibi a Jami'ar Columbia. A 1912, bai gama digiri ba, a ɗakin saman gidan iyayensa a Yonkers ya gano yadda za a mayar da wani ɓangare na siginar da ta fito ta sake shiga, sautin ya ƙaru ninki-ninki. Ba shi da kuɗin rajistar ƙirƙira, sai ya kai zanen aka buga masa hatimin shaida a Janairun 1913. Shi ne dai ya kawo FM a 1933. Duk tashar da kuke ji a mota, aikin ɗan ɗakin sama ne.

Kada wani ya ce ai duk Turawa ne. William Kamkwamba na ƙauyen Wimbe a Malawi ya bar makaranta lokacin yunwar 2001 zuwa 2002 don babu kuɗin makaranta. Yana ɗan shekara 14, Turancinsa ma bai nuna ba, ya ga hoton injin iska a wani littafi a ƙaramin laburare, ya bi zane. Da fankar tarakta, gangar jikin keke, dinamon fitilar keke, bututun roba da ya gasa ya miƙar, da itacen turare, ya kawo wuta ɗakinsa. Mutanen gari suna ce masa mahaukaci. Ɓangaren da ba a cika faɗa ba shi ne, da ya ga wayoyinsa na iya cinna wa gidan wuta, sai ya zauna ya ƙera na'urar katse wuta da ƙusoshi, waya da maganaɗisu. Yaron ƙauye, ba malami, ya gane cewa abin kariya ma ƙirƙira ce. Ya gama Kwalejin Dartmouth a Amurka a 2014. A Saliyo ma Kelvin Doe ya haɗa tashar FM da kayan bola yana yaro a Freetown, har aka gayyace shi MIT a 2012. Babu ɗayansu da ya buƙaci bolt 2,000 kafin duniya ta san shi.

To mu dawo ƙarƙashin gado. Taransfomar maikirowef tana karɓar wutar soket ta mayar da ita kimanin bolt 2,000. Raket ɗin kashe sauro da ke kowane ɗaki a hostal shi ma a wannan layin yake, kuma duk mun taɓa sa yatsa don gwaji. Nan ne tarkon yake. Raket ɗigon ruwa ne, ɗan batir da 'yar mitsitsiyar kafasita. Taransfomar durom ce, tana iya tura rabin amfiya ko fiye ba tsayawa. Amfiya ɗaya miliamfiya 1,000 ce. Daga wajen miliamfiya 10 zuwa 20 hannu ke ƙanƙamewa ka kasa saki. Daga 50 zuwa 100, idan ta bi ta ƙirji, tana iya hargitsa bugun zuciya. Rabin amfiya 500 ke nan. Ku yi lissafin da kanku.

Kuma duk abin da muka saba dogara da shi ba ya aiki a nan. Testa ta sukundireba iyakarta wajen bolt 500. Mitar aune-aune da muke saya a kasuwa yawanci 600 ko 1,000. Filaya mai rigar roba, mai kyau ta ainihi, 1,000. Silifas ɗin wanka a kan jiƙaƙƙen siminti kuwa kada ma a kawo zancensa. Fiyus ko na'urar katse wuta ta gini ba za ta motsa ba, domin a wurinta wutar da ke bi ta jikinka daidai take da ta injin da ke ɗumama shinkafa. Sannan ga kwalbar Leiden ta dawo: kafasitar da ke tare da taransfomar tana iya riƙe caji bayan an zare soket. Shi ya sa tsofaffin masu gyaran talabijin mai ƙusumbi ba sa taɓa bayan gilashin sai sun sauke cajin, kuma za ka ga hannu ɗaya a aljihu ko a baya, don kada wuta ta shiga ta dama ta fita ta hagu ta ratsa zuciya. Ba su karanta wasiƙar Franklin ba, amma darasin talo-talo ya iso gare su.

Wannan ba tsohon labari ba ne. A 'yan shekarun nan wani yayi ya taso a intanet, ana amfani da irin wannan taransfoma ana ƙona zane mai rassa a jikin katako da aka jiƙa. Ƙungiyar masu sassaƙar itace ta Amurka ta hana shi a tarukanta a 2017, kuma ta ƙirga aƙalla mutum 33 da suka mutu a kansa. A Afrilun 2022 an tsinci gawar mutum biyu a gida ɗaya a jihar Wisconsin, wutar ta kashe su sannan gidan ya kama. Wannan a ƙasar da motar asibiti ke zuwa cikin mintuna. Mu a nan, ƙarfe ɗayan dare, sai an fara neman wanda ke da lambar mai adaidaita. Kuma wani daga cikinmu ne zai ɗauki waya ya kira wani dattijo a Gusau ko Azare, wanda ya sayar da buhunan hatsi ya biya rajista, ya yi masa bayani. Ni dai ba na son in zama mai wannan kiran.

Jiya na koma ɗakin, na karanta masa rabin wannan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, to kuɗina fa?" Na ce na ji, ni zan biya rabi. Muka ɗauki taransfomar a jakar buhu muka kai wa dattijon da ke kula da ɗakin gwajin sashenmu. Baba ya ɗaga ta, ya dube mu, ya ce wannan ce ta uku da aka kawo masa, ya jefa ta kabad ya kulle. Sannan ya ce idan da gaske muke, akwai ƙaramin kwayil na taransista ɗaya da ke aiki da batir mai bolt 9, siririyar waya a naɗa a guntun bututun roba, yana kunna doguwar fitilar gilashi daga ɗan nesa ba tare da waya ta taɓa ta ba. Ka'idar lilon nan ce dai ta Tesla. Ya yarda mu yi a bencinsa, da sharaɗin kowa ya lissafa naɗinsa a takarda kafin ya taɓa waya, kuma ba a ɗaukar bidiyo sai an kashe an gama.

Ranar Asabar ne bayan la'asar. 'Yan'uwa mata na sashen, har da ku, benci ya isa. Wanda yake da mataccen raket ɗin sauro ko tsohuwar rediyo ya zo da ita mu farke mu ga cikinta. Littafi da biro dole. Batir kuma kowa ya sayo nasa, kuɗin rabin taransfoma ya riga ya cinye min na abincin mako.